Ɗan shekara 15 zai iya shiga babbar gasar hokin ƙanƙara ta matasa a Kanada?

Malam, ka tambaya ko ɗan shekara 15 zai iya buga gasar CHL, wato babbar gasar hokin ƙanƙara ta matasa a Kanada. Zai iya, amma da ƙyar. A ƙa'ida daga shekara 16 ake shiga, sai wanda hukumar Hockey Canada ta ba izini na musamman. John Tavares aka fara ba a 2005, Connor McDavid a 2012, Connor Bedard a 2020.

Ba yawan ƙwallaye kaɗai ake dubawa ba. Ana duba karatunsa, hankalinsa, da ko jikinsa zai jure karo da ƙarti 'yan shekara 20 a jikin katangar fili. Nan ne damuwata, don yaro ne fa, ya bar gidan iyayensa. Izinin kuma ba tabbacin zama tauraro ba ne: Sean Day ya samu a 2013, amma sai a zagaye na 3 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada.