Likita, ƙashi ya ɗoru, me ya hana ramin haƙori cikewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Bara ɗana ya karye a hannu wajen ƙwallo, cikin wata 2 ƙashin ya haɗe. Ni kuwa tun haihuwata ta 3 turmina na ƙasa ya yi rami, in na kurɓi ruwan sanyi har ƙwaƙwalwa nake jin sa. Surukata ta ce jinjiri ne ya tsotse min ƙarfin haƙori. Wata 4 ke nan ina shan ƙwayar kalsiyam, ramin yana nan daram. Ina mafita?
Daga wata uwa a Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A gaishe min da Hajiya, amma a wanke jinjirin nan, ba shi da laifi. In jiki ya buƙaci kalsiyam lokacin goyon ciki, daga abinci da ƙashi yake ɗiba, ba ya taɓa haƙori. Waɗanda nake zargi su ne aman laulayi, wanda tsaminsa ke cin haƙori, da kwaɗayin zaƙi: zoɓo mai sukari, lemon kwalba, alawa.

Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikinki yana ƙashi da haƙora, shi ya sa ake ɗaukarsa tamkar bulon gini kawai. Alhali ɗan aike ne kuma. Kowace ƙwayar halitta tana tsare cikinta da kalsiyam kaɗan ƙwarai, na waje ya ninka na ciki wajen sau 10,000. Da ta buɗe 'yar ƙofarta ya kwararo, to saƙo ya iso, a tashi a kama aiki. Akwai yaran da ake haifa da tangarɗa a wannan ƙofa, wadda masana ke kira ORAI1, sai haƙoransu su fito da ɓawo mai taushi ko da nono suke kwana suke tashi.

To ƙashin ɗanki cike yake da magina masu rai, wasu na rushe tsoho, wasu na aza sabo, har tsufa. Farin ɓawon haƙori kuwa, duk da ya fi komai tauri a jiki, maginansa suna gama aiki su tafi da zarar haƙori ya huda dasashi. Kin ga ke nan wata 4 kina sauke bulo a filin da babu birkila.

Amma ƙarƙashin ɓawon, kusa da jijiya, akwai wasu magina da ba su tafi ba. In ruɓa ta matso, sukan ƙara katanga daga ciki. Su muke yi wa aike a asibiti. In na share rami mai zurfi, nakan shimfiɗa wani farin magani mai kalsiyam kafin ciko. Wani Bajamushe, Hermann, ya shigo da irinsa a 1920, sannan a shekarun 1990 jami'ar Loma Linda ta Amurka ta fito da wani sabon nau'insa mai kama da siminti, wanda ake kira MTA. A hankali yake sakin kalsiyam, maginan su toshe wurin da kansu. Sharaɗin dai jijiyar tana raye, kuma wannan zugin ruwan sanyi, in yana wucewa nan da nan, alama ce mai kyau. Abin da ke ci min rai, mutanenmu sai sun gama da kanumfari da maganin tsutsar haƙori na tasha, kunci ya kumbura, sannan su zo a cire.

Ƙwayar kalsiyam ɗin ba laifi ba ce ga mai shayarwa, sai dai kindirmo da miyar kuka da zogale sun fi sauƙin kuɗi. Ki riƙa goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, ki tofar kada ki kurkure. Turmin nan kuma kada ya wuce makon nan likitan haƙori bai leƙa shi ba.