Haɗa ɗakin gilashi a bayan gida a Ingila

Malam, ka tambaya ko sai da izinin hukuma za ka haɗa ɗakin gilashi a bayan gidanka. Galibi ba sai ka nema ba, matuƙar bai zarce mita 3 daga bangon baya ba, ko mita 4 in gidan a ware yake. Amma duba bututun ƙazantar unguwa tukuna. In yana cikin mita 3 daga inda za ka gina ɗakin, sai kamfanin ruwa ya amince.

A ƙasar yumɓu a haƙa harsashi ya kai mita 1, don ƙasa na motsi, gilashi kuwa ba ya jure hakan. Kar ka cire ƙofar da ta raba shi da falo. Rufin roba fa, ranar ruwan sama ko maganar na kusa ba ka ji. Sa gilashi mai tare zafi, musamman in ɗakin ya fuskanci kudu.