Re: Wace ce matar Pakistan da ta ci Oscar har sau biyu?

'Yar'uwa, Sharmeen Obaid-Chinoy kike tambaya, 'yar Karachi ce. Oscar, wato babbar lambar yabon fina-finai ta Amurka, na farko ta ci shi a 2012 da fim mai nuna abin da ya faru da gaske mai suna Saving Face, akan matan da ake watsa wa asid a fuska. Amma wallahi na 2016 ne ya fi tsaya min a rai, A Girl in the River, yarinya ce babanta da baffanta suka harbe ta don ta auri wanda take so suka jefa ta kogi, Allah Ya yi da sauran kwananta ta fito, sai kuma dattawan unguwa suka matsa mata lamba sai ta yafe musu. Firaministan Pakistan na lokacin, Nawaz Sharif, da kansa ya kalla, a shekarar majalisa ta gyara doka, yanzu yafiyar dangi ba ta hana mai irin wannan kisan zaman gidan yari.