Mota mai buɗaɗɗen sama a Damagaram: in saya ko in haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum maigida. Ni matashi ne a nan Zinder, na ɗan tara kuɗi ina son sayen motata ta farko. Wani abokina a Yamai ya turo min hoton Peugeot 307 CC, dekapotabul ɗin nan da samanta ke naɗewa ya shige baya, kuma kuɗin da aka sa mata bai kai na Corolla sa'arta ba. Wallahi ta shiga raina. Bayan sallah za a ɗaura min aure, so nake ta zama motar gida. Yayana ya ce hauka ne. Don Allah mene ne daɗinta, mene ne kuma wahalarta a garinmu?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kai mu bayan sallah lafiya ya sa albarka a auren. Yayanka ya ɗan yi zafi, ba hauka ba ne, ni kaina da na haura shekara 20 cikin baƙin mai har yau in irin motar nan ta gifta ta gaban garaji sai na ɗago kai daga cikin inji na bi ta da kallo. Amma akwai abin da ka faɗa da ya sa na gyara zama, wato "motar gida". A nan ne ni da kai za mu ɗan ja.

Daɗi kam akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Ka samu yammacin Nuwamba, an gama girbi, rana ta yi sanyi, ka kwantar da rufin ka ɗauki hanyar Mirriya, kilomita 18 ɗin nan sai ka ji kamar kar su ƙare. Iska na kaɗa ka, kana ganin ko'ina, ba ƙarfen da ya tare maka gefe. In motar ta wuni a rana ta zama tanda kuwa, buɗe sama kawai za ka yi zafin ya fice gaba ɗaya kafin klim ya kama, wannan mai Corolla ba shi da shi. Ranar biki kuma ba a magana, duk jerin gwanon kai za a kalla, masu hoto kai za su bi. Sannan wani abu da mutane ba su sani ba, injinta ba baƙo ba ne. 307 CC injin ƴan'uwanta Peugeot ne a ciki, bujiya, filta, birki, bidanji, duk makanikin da ya san Peugeot zai yi maka. Ba a inji matsalar take ba.

Ka tambayi kanka me ya sa motar da a sabuwarta ta fi ƴar'uwarta 307 ta kullum tsada, yau ta koma ƙasa da Corolla. Masu saye ne babu. Kuma dalilin da ya sa babu su shi ne dalilin da zai sa kai ma ranar da ka tashi sayarwa ka sha zama.

Wannan mota Bature ya yi wa kansa. Shi wata da watanni yake yi cikin sanyi da hazo bai ga rana ba, in ta fito sai ya tuɓe riga ya bi ta. Mu kuwa tun kakanni inuwa muke nema, shi ya sa muke da rumfa da zaure da malafa. Ka lissafa da kanka. Daga Maris zuwa Yuni zafi na haura digiri 40, wa zai buɗe kansa da azahar? Kujerar fata in rana ta doke ta minti goma ko zama ba ka iya yi. Yuli, Agusta, Satumba damina ce, kuma ka san hadarin Damagaram, jar ƙura ce ke fara zuwa kafin ruwa, ba ya jiran ka shirya. Oktoba zafi ya dawo. Disamba zuwa Fabrairu hunturu, ka buɗe daga Zango zuwa Birni kawai ka isa gashin ido fari fat kamar ka fito daga injin niƙa, ga mura ga tari. Abin da ya rage maka ƴan makwanni ne da wasu darare bayan isha'i. Ke nan kusan duk shekara a rufe za ka riƙa yawo, alhali rufin nan shi ka biya wa kuɗi kuma shi zai riƙa cin kuɗinka.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa in ka danna maɓallin nan. Gilasai su sauka, murfin kofur ya buɗe ta baya, rufin ya karye biyu ya naɗe ya kwanta ciki, murfin ya koma, duka cikin daƙiƙa 20 zuwa 30. Abin sha'awa. Amma a bayan wannan akwai famfon mai da ke aiki da lantarki, akwai tiyo-tiyo siriri da suka bi ta cikin jiki, akwai sandunan da man ke turawa, akwai makullai, akwai ƴan kaptar da yawa da kowane ke gaya wa kwamfutar motar cewa wancan ya gama kai ma tashi. Guda ɗaya ya yi ƙarya, komai ya tsaya cak. Kuma ba abin da ke sa su ƙarya kamar rairayi. Ƙurarmu tana shiga gaɓoɓin ta haɗu da giris ta zama kamar sanfefa tana cin ƙarfe a hankali, zafi kuma yana busar da tiyo da robobi har su tsage. An fara fitar da 307 CC a 2003, 308 CC ta gaje ta a 2009, to ka ga duk wadda za ka samu yau ta haura shekara 15, robobinta sun riga sun tsufa tun kafin su ɗanɗana ranar Afrilu ta nan.

Shekarun baya an kawo min wata irinta mai rufin ƙarfe, ta wani yaro ce da ya ba da aro aka kai amarya. Suna cikin tafiya hadari ya taso, direba ya danna, rufin ya taso ya kai rabi ya tsaya a sama kamar bakin kada, gaba ba ya yi baya ba ya yi. Ƙawayen amarya da lalle da sabon leshi, ruwa ya yi musu dukan tsiya. Da muka buɗe washegari, ɗan kaptar ne ƙarami da bai fi kan yatsa ba, ƙasa ta toshe shi. Gano shi ya ci mana kwana biyu, samo wani kuwa ya fi wata, sai da aka aika Kano kasuwar Ƙofar Ruwa ba a samu ba, daga ƙarshe daga Legas aka turo na wata da ta yi hatsari. Duk tsawon lokacin motar na kwance a garajina an lulluɓe ta da tamfol, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Shi yaron yana da wata motar, bai damu sosai ba. Kai in taka ce guda ɗaya, sai ka koma kabu-kabu kai da amarya.

Kuma in faɗa maka gaskiya a kan mu masu gyara, yawancinmu ba mu saba da wannan aikin ba, don ba ma ganin su kullum. Wani ba zai ce maka bai iya ba, zai sa guduma da sukundireba ya tilasta rufin ya rufe, ya lanƙwasa maka hannun ƙarfen, daga nan har abada ba zai sake zama daidai ba.

Sai yoyo. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Rufin da aka yi gunduwa-gunduwa roba ce kawai ke haɗa shi, kuma akwai ƴan magudanai da ke fitar da ruwa ta ƙasa, ƙurar rani ta toshe su, ruwan farko na sauka sai ka tarar da kafet sharkaf, wani lokaci har cikin kofur inda famfon da wayoyi suke. Mai rufin yadi ita kuma nata daban ne, rana na cin launin, ɗinkin na saki, tsofaffin da gilashin bayansu leda ne sai ya koma ruwan ɗorawa ba ka ganin komai ta ciki, klim na wahala don zafi na ratsowa, ɓarawo kuma reza ɗaya ta ishe shi. Wankinta ma sai da lallaɓa, ba a ɗora mata omo da buroshi mai ƙarfi, ga shi ka san ruwa a garin nan in bazara ta yi, wanda ke jiran mai kura ya kawo na sha ba shi da na wanke rufin mota kowane kwana biyu.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Rufin mota ba inuwa kaɗai ba ne, shi ke ɗaure jikin motar, kamar kwali ne, in ka cire murfinsa sai ka ga yana murɗewa a hannu. Don haka masu ƙera ta sai su ƙara ƙarfe a ƙasa da gefe, motar ta ƙara nauyin da ya haura kilo 100, kamar kullum kana yawo da buhun siminti biyu ko uku. Mai zai ƙaru, amortisa da taya za su fi saurin gajiya. Duk da haka in ta shiga gargada za ka ji sitiyari da gilashin gaba na karkarwa, rufin na ƙiƙi-ƙiƙi a kanka. A kan kwaltar cikin gari lafiya lau, amma ka ce za ka kai ta ƙauye gaida dangin amarya, ko ka kutsa lungunan Birni da duwatsunsu, ko unguwannin bayan gari masu rairayi, ga ta a ƙasa kamar kunkuru, cikinta zai riƙa sharar hanya. Maganar kifewa kuwa, an ƙarfafa ƙarfen gilashin gaba kuma akwai wasu ƙarafa a bayan kujeru da ke harbowa sama in za ta juya, amma duk wannan banza ne ga wanda bai ɗaura bel ba, kuma mu nawa ne ke ɗaurawa?

Yanzu motar gida. Ƙofa biyu gare ta. Kujerun baya na yara ne, babba in ya shiga gwiwarsa na haƙarƙarinka. Ka yi tunanin Hajiya surukarka za ka kai asibiti, sai ka kwantar da kujera ta sunkuya ta kutsa baya? Ko kai ba za ka so ba. Kofur ɗin in rufi na sama ba laifi, in ka naɗe shi ya cinye kusan rabi, ka je kasuwar Dole ka sayo buhun hatsi sai dai ka zaɓa, ko buhu ko iska. Madam kuma kwana uku za ta yi tana murna, ranar da iska ta fizge mata gyale a tsakiyar titi ita da kanta za ta ce a rufe. Hularka ma ka riƙe ta da kyau, na ga wanda ya tsaya yana bin damangarsa da gudu. Ga idon jama'a, Damagaram kowa ya san kowa, mota ɗaya irinta a gari ba inda za ka je a ce ba a gan ka ba, kuma duk wanda ya gan ka ya yanke cewa ka yi kuɗi, masu neman rance za su ƙaru alhali ta Corolla ma ba ka kai ba.

Ni dai da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, cewa zan yi ya ƙara haƙuri ya sayi mai ƙofa huɗu wadda kayanta ke ko'ina, in son iska ne ya nemi mai ƴar tagar sama. Ranar kai amarya ya yi hayar dekapotabul ta wuni ɗaya a yi hotuna. In Allah ya buɗa nan gaba, ga garaji mai rufi a gida, ga wata motar ta kullum, sai ya sayi wannan ta shan iska, har ya riƙa ba da haya ga masu biki ta riƙa ciyar da kanta. A lokacin ma ni na fi son mai sauƙin rufi, kamar Mazda MX-5 da tun 1989 ake yin ta, rufinta na yadi da hannu ɗaya ake ja, ba famfo ba tiyo, sai dai mutum biyu kawai take ɗauka. Ko Toyota Solara, wadda Camry ce aka yanke wa sama, kayan injinta ba sa wuyar samu.

In kuma zuciya ta ƙi, to kar ka tura ko dala a kan hoto. Ka hau bas ka yi kilomita kusan 900 ɗin nan ka je Yamai da kanka. A tada inji, a kan wuri mai lebur, a buɗe a rufe sau uku a jere a gabanka, ka kasa kunne, in yana tsayawa yana tunani ko gefe ɗaya na riga ɗaya sauka ka bar musu kayansu. Ka sa a kwarara mata bokiti biyu na ruwa a ka kana zaune ciki. Ka ɗaga kafet na gaba da na kofur ka shinshina, warin rima ba ya ɓuya, ka duba kusa da famfon ko akwai jiƙar mai. Ka bi robobin da yatsa, in sun bushe suna farfashewa ka san kuɗi ne ke jiranka. Ka tambaya ko kayan rufe rufin da hannu suna nan, ka sa a nuna maka yadda ake yi tun kafin ranar da hadari zai kama ka a hanya, batir kuma ya zama mai ƙarfi don rufin ba ya son raunin wuta. Takardun duwan da kart giriz ka tabbatar lambar shasi ta yi daidai. Ka ɗauki bidiyon buɗewa da rufewar da sauti ka turo min, daga ƙarar famfon kaɗai zan iya gaya maka ko ya gaji.