Tambaya da Amsa: Shirin dare na hana ni barci

Assalamu alaikum Anti, ni mai gabatar da shirin zaɓe da gaisuwa ne a wani gidan rediyo nan Katsina, masu kira suna faɗa min damuwarsu, wata baiwar Allah da ƴan bindiga suka kashe mijinta ta ce kalangun da nake sawa ne kawai ke sa ta runtsa, ni kuma in na koma gida Ƙofar Ƙaura wallahi sai asuba ta same ni ido biyu. Ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanina, gaskiya saƙonka ya taɓa ni, ka ɗauki kayan mutane kai ba wanda ke sauke maka naka. Kiɗa mai sanyi yana rage bugun zuciya ya sassauta numfashi, shi ya sa matar nan ke samun barci, kuma muryarka ma tana ɗebe mata kewa. Amma dai kiɗa baya maye gurbin likita fa. In ka tashi aiki ka kashe waya, kar ka sha shayi mai ƙarfi da dare, ka samu amini ka amayar masa. In abin ya wuce sati 2 don Allah ka je asibitin koyarwa na tarayya dake Katsina ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ita ma in ta sake kira ka nuna mata hanya.