Kyanwa Mai Magana, Muzuru da Kyanwar Lami

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Zariya. Ɗalibaina sun tsare ni, wai kyanwa da mage da mussa da muzuru duk abu ɗaya ne?

Malama, ukun farko dabba ɗaya ce, bambancin na karin harshe ne. Kyanwa da mage sun game ko'ina, jam'insu kyanwoyi da maguna. Mussa kuwa an fi jin ta a bakin mutanen yamma, wajajen Sakkwato har cikin Nijar. Dukansu jinsin mace suke ɗauka, shi ya sa muke cewa mage ta sha nono ko da ba mu san wace iri ce ba. Muzuru shi ne namijin, amma sunan ya fi manne wa ƙaton nan da ya bar gida ya koma kwana a kango, yana bin akurki cikin dare. Shi ne na cikin karin maganar nan: zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ki nuna wa yaran yadda aka kewaye ɗan tsakon, ɗaya ta ƙasa da dare, ɗaya ta sama da rana tsaka.

Tambaya: Malam, 'ya'yana ba su da aiki sai kallon katun na maguna masu magana, da wani wasan waya mai suna Talking Tom. Kakarsu ta ce aikin aljanu ne, mage ba ta magana a al'adarmu. Haka ne?

Alhaji, a gaida min Hajiya, a ce mata ta kama wani gefe na gaskiyar. A tatsuniya kowace dabba tana da baki, sai dai manyan masu bakin su ne Gizo da Ƙoƙi da kura da dila malamin daji. A karin magana ma an ba kare dama ya tanka: an ce da shi ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Amma kirarin da Bahaushe ya yi wa mage na shiru ne, mage mai kwanciyar ɗaukar rai. Duk wanda ya taɓa ganin ta lafe a gindin rumbu ya san abin da ake nufi. Ido rabi a rufe, jiki a sake, kan wutsiya kaɗai ke ɗan motsi, har ɓera ya saki jiki ya fito. Ga kuma tsohon camfin da ke haɗa baƙar mage da mayu, wanda ina kyautata zaton shi ne ke damun Hajiya.

Sai dai mage mai magana ta girmi katun nesa ba kusa ba. Masu karatun Larabci sun san ta a Kalila wa Dimna, littafin da asalinsa daga Indiya yake, Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. A ciki wani tsuntsu da zomo suka yi jayayya kan wurin kwana, suka kai ƙara gaban wata kyanwa da ta yi suna da azumi da ibada. Da ta hango su sai ta miƙe ta shiga salla. Suka faɗi ƙararsu daga nesa, ta ce tsufa ya kama ta, kunnenta ya yi nauyi, su matso. Ta yi ta yi musu wa'azi kan tsoron Allah suna matsowa, har ta kai hannu ta damƙe su duka biyun. Wannan ai kwanciyar ɗaukar rai ce, da harshe kawai aka yi ta.

A Faransa ma haka, cikin labarin da Charles Perrault ya buga a 1697. Ɗan autan wani mai niƙa bai gaji komai ba sai muzuru. Muzurun ya nemi takalmi da jaka, ya dinga shara wa sarki ƙarya cewa ubangidansa babban mai sarauta ne, daga ƙarshe ya zuga wani dodo ya rikiɗa ya zama ɓera, ya haɗiye shi ya miƙa wa yaron fadarsa. A labaran nan biyu da zarar mage ta buɗe baki, dabara ce ke fitowa. Abin da ya bambanta shi ne Bafaranshen ya sa mai karatu ya tafa wa maƙaryacin, abin da ni har yau bai kwanta mini ba.

Na zamani kuwa, Tom and Jerry da aka fara a Amurka a 1940 da wuya ka ji Tom ya furta kalma, kuma ina ganin wannan na cikin abin da ya sa yaro a Maraɗi da yaro a Kumasi suke gane shi ba tafinta. Shi kuma Talking Tom, wanda ya fito a 2010, ainihin aikinsa maimaita abin da yaro ya faɗa masa da 'yar siririyar murya. Aku ne aka sa wa fatar mage. Akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam ma ya fi shi, don shi labarai yake jerowa domin ya hana Musa ɗan sarki fita. Saboda haka babu aljani a wayar, Alhaji. In ka ji Tom ya yi ashar, a cikin gidan ya ji ta.

Tambaya: Ina yawan ganin "kyanwar Lami" a jarida. Malalaci ake nufi?

A'a, ɗan'uwa. Cikon maganar shi ne ba ta cizo ba ta yakushi, Lami kuma suna ne na macen da aka haifa ranar Alhamis. Ana faɗin ta ga wanda yake da haƙora da farata, wato muƙami ko doka a hannunsa, amma ba mai shakkarsa don an san ba zai yi amfani da su ba. Hukumar da ke ta gargaɗi ba ta taɓa hukunta kowa ba, ko mai gadin da ɓarayi ke gaisawa da shi, su ne kyanwar Lami. Mai kwana har hantsi malalaci ne kawai, kada ka ɓata masa karin magana.