Ga 'yar'uwar da ke neman masanin halayyar ɗan Adam a Kano

Assalamu alaikum, 'yar'uwata. Kin ce wata biyar ke nan da rasuwar jaririnki, barci ya ƙaurace miki, kuma kina neman masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi a cikin Kano amma ba ki san ta inda za ki fara ba. Allah Ya sa mai ceto ne. Sau uku na karanta rubutunki, domin ni ma na binne 'yata kwana biyu bayan suna, kuma akwai kuskuren da na tafka wanda ba na so ki maimaita.

A lokacin, kunya ce ta hana ni zuwa asibiti, domin kin san yadda mutanenmu suka mayar da sunan Dawanau, inda asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa yake, abin zagi. Sai na ga wata mata a Instagram tana kiran kanta ƙwararriya a kan ciwon damuwa, na tura mata kuɗi, ta karɓe ni a wani ɗaki a saman shago, da labule masu kyau da turaren wuta. Ban tambaye ta inda ta yi karatu ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na zauna na zazzage mata cikina, har da abin da ban taɓa gaya wa mahaifiyata ba, cewa kowane dare ina ɗauko zanen goyon yarinyar ina shinshina har asuba. Bayan mako biyu sai ga labarina a shafinta. Ta cire sunana, amma ta bar unguwarmu da sana'ar maigidana da maganar zanen. Ƙanwar mijina ce ta turo mini, ba ta ce komai ba. Ranar ina tsaye a kicin da ludayi a hannu, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Da na kira matar ina kuka, cewa ta yi ai don wasu su ɗauki darasi ta rubuta. Har yau idan na tuna muryarta zuciyata tafasa take yi.

Don haka ki fara da asibitin gwamnati. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitin Dawanau kuwa aikinsa ke nan gaba ɗaya, kuma idan kina tsoron idon sani akwai na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ki yi sammako, ki yanki kati, ki faɗa wa likitan da kika fara gani cewa kina so a tura ki wurin masanin halayya.

Akwai bambancin da ni ban sani ba sai daga baya. Likitan ƙwaƙwalwa ya karanci aikin likita, yana da rajista da hukumar MDCN mai yi wa likitocin Najeriya rajista, kuma shi ke rubuta magani. Masanin halayya na asibiti ba ya rubuta magani, da zama da tattaunawa yake aiki, kuma ya kamata a ce yana da digiri na biyu a wannan fanni tare da horo a asibiti. Ni duka biyun na gani. Idan kin zaɓi mai zaman kansa, ki tambaye shi jami'ar da ya yi, da asibitin da ya samu horo, da shaidar NACP, wato ƙungiyar masana halayya na asibiti ta Najeriya, sannan ki tambaye shi kai tsaye wa zai ga abin da yake rubutawa a kanki. Wanda ya ɓata rai saboda waɗannan tambayoyi, ki ɗauki jakarki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta ba ki haƙƙin a rufa miki sirri.

Masu ce miki ƙarancin tawakkali ne kuwa, ki bar su. Ban daina azkar ɗina ba ko rana ɗaya, kuma matar da ta duba ni a asibiti ba ta taɓa cewa in daina ba.

Kada ki je ke kaɗai ranar farko, ki tafi da yayarki ko wata aminiya. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, don Allah kada ki jira ranar ganin likita, ki tashi wani a gidan ya kai ki sashen gaggawa a daren.